Maganaɗisu a Kan Ƙoƙon Kai: Da Me Mutum Ya Yarda Sa'ad da Ya Sa Hannu?

A shekarar 1985, a garin Sheffield na ƙasar Ingila, Anthony Barker da abokan aikinsa biyu, Reza Jalinous da Ian Freeston, suka ɗora wani naɗin waya a kan mutum, suka sakar wa wayar wutar lantarki ta ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Hannun mutumin ya motsa alhali shi bai motsa shi ba. Ba a tsaga masa kai ba, ba a yi masa allura ba, bai kuma ji wani zafi na a zo a gani ba. Suka buga sakamakon a mujallar likitoci ta Lancet, daga nan aka sami fasahar da masana ke taƙaita sunanta da TMS, wato taɓa ƙwaƙwalwa da maganaɗisu ta bayan ƙoƙon kai.

Tushen abin tsoho ne, tun 1831 Michael Faraday ya gano shi. Idan wuta mai ƙarfi ta ratsa naɗin waya ta ɗauke nan take, tana haifar da ƙarfin maganaɗisu. Ƙashin kai yana tare lantarki, amma ba ya tare maganaɗisu. Sai ƙarfin ya wuce salin-alin, ya nitsa kamar santimita 2 zuwa 3, ya tayar da wata ƙaramar wuta a cikin jijiyoyin ƙwaƙwalwar da ke daidai wurin. A ɗakin gwaji, ana zaunar da mutum a kujera, a toshe masa kunnuwa saboda ƙarar na'urar tana iya yi wa ji illa, a kawo naɗin wayar mai siffar lamba 8 a jingina masa a ka. Sai ka ji ƙas! Babban yatsansa ya zabura. A rage ƙarfin, a sake, a sake ragewa, har a gano mafi ƙarancin ƙarfin da ke motsa yatsan. Da wannan ma'auni ake auna duk abin da za a yi masa daga baya, domin kowane kai da nasa.

Tun daga 1985 ake wannan aiki a kan mutane, marasa lafiya da lafiyayyu. Tambayar da ba ta mutu ba ita ce ko ya dace, kuma in ya dace, har zuwa ina.

Masu goyon baya suna da hujja mai nauyi. Na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna nuna wurin da ke aiki sa'ad da mutum ke magana ko karatu, amma ba sa tabbatar da cewa wurin ne ke yin aikin. Kafin TMS, wanda ke son ya tabbatar sai ya jira ƙaddara ta kawo masa wanda shanyewar ɓarin jiki ko harsashi ya lalata wa wani sashe na ƙwaƙwalwa. Yanzu ana iya rikita ƙaramin sashe na ɗan lokaci, a ga abin da ya tsaya, sannan komai ya koma yadda yake. A 1991 Alvaro Pascual-Leone ya sa wasu masu farfaɗiya suna ƙirga da ƙarfi, ya kunna na'urar a gefen hagu na kansu, magana ta sarƙe musu, da aka kashe ta dawo. A 1997 Leonardo Cohen da tawagarsa a Amurka suka taɓa ƙeyar makafin da suka makance tun suna ƙanana, daidai sashen da masu ido ke gani da shi, yayin da suke karanta rubutun makafi da yatsa. Karatun ya rikice musu. Aka gane cewa ƙwaƙwalwar makaho ta karɓi sashen gani ta ba shi aikin shafawa. Wannan ilmi ne da ba a iya samunsa daga ɓera, domin ɓera ba ya karatu, ba ya ƙirga, ba ya gaya maka abin da ya ji.

Sai batun magani. Cikin masu fama da ciwon damuwa mai tsanani, kusan ɗaya cikin uku ba sa warkewa ko an sauya musu ƙwayoyi sau da dama. Abin da ya rage wa da yawansu shi ne jona lantarki a ka, wanda sai an sa mutum barci, an jawo masa jijjiga da gangan, kuma yakan taɓa tunawa. TMS ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mutum yana zaune idonsa biyu, a gama ya tashi ya tafi aikinsa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da na'urar NeuroStar don ciwon damuwa a watan Oktoba na 2008. A 2018 wani babban gwaji a Kanada, mai mutum 414, ya nuna cewa zaman minti 3 da wani sabon salon bugu yana yin aikin da zaman minti 37 ke yi. Masu goyon baya suna cewa duk wannan ya samu ne saboda wasu lafiyayyu sun zauna a kujerar tun farko. Suna kuma cewa hana bincike shi ma yana cin rayuka, sai dai waɗanda yake ci ba a rubuta sunansu a ko'ina.

Babban haɗarin da kowa ya sani shi ne jijjiga irin ta farfaɗiya. A nan, gaskiya, masu wannan fage sun yi abin yabo. Da aka ƙera na'urori masu saurin bugu a farkon shekarun 1990, aka fara ganin mutane suna faɗuwa, har da lafiyayyun da ba su taɓa farfaɗiya ba. A watan Yuni na 1996 masana suka taru a Bethesda ta Amurka, lokacin an san mutum 7 da hakan ta same su. Eric Wassermann ya buga ƙa'idojin da suka fito daga taron a 1998: iyakar ƙarfi, iyakar saurin bugu, tsawon kowane jeri, da hutun da za a bari tsakani. Aka sake zama a kusa da Siena ta Italiya a 2008, aka fitar da sabuwar ƙa'ida a 2009, aka sabunta ta a 2021. Da aka tambayi ɗakunan bincike da asibitoci abin da suka gani daga 2012 zuwa 2016, sai aka sami jijjiga 24 a zama fiye da 318,000. Ga wanda ba shi da wata larura kuma aka bi ƙa'ida a kansa, abin bai kai sau ɗaya a zama 60,000 ba. Sauran illolin da aka saba gani su ne ciwon kai, zafin fatar kai, wani lokaci suma don tsoro.

Masu ɗari-ɗari ba sa musun waɗannan alƙaluma. Abin da suke cewa shi ne a duba na su wa ne. Na waɗanda suka bi ƙa'ida ne, suka kuma yarda suka amsa tambaya. Wanda ya yi ganganci a wani ɗaki ya ɓoye ba ya cikin lissafin. Bayan haka, kariyar duka tana rataye ne a kan wata takarda da ake miƙa wa mai sa kai ya cike: ka taɓa farfaɗiya, akwai ƙarfe a kanka, an dasa maka na'urar ji a kunne, ka sha giya jiya, ka yi barci sosai, wane magani kake sha? Yawancin lafiyayyun da ke zuwa ɗalibai ne, kuma biyansu ake yi. Ɗalibin da ya kwana karatu, aljihunsa babu ko sisi, ya san in ya faɗi gaskiya za a ce ya koma gida. Akwai kuma abubuwan da mutum ba ya faɗa don kunya. Tramadol kaɗai ya isa misali: ƙwaya ce da ita kanta take jawo jijjiga, kuma mai shanta ba bisa ƙa'ida ba ba zai rubuta haka a gaban baƙo ba.

Kuma iyakar ba a tsaye take ba, kullum gaba ake tura ta. A Jami'ar Stanford, Nolan Williams da tawagarsa suka matse aikin makonni shida cikin kwana 5: zama 10 a rana, bugu 1,800 a kowane zama, jimilla 90,000. Sakamakon ya ba da mamaki, yawancin waɗanda aka yi wa sun sami sauƙi sosai, FDA kuma ta amince a 2022. Amma gwajin da aka kwatanta da na'urar bogi mutum 29 ne kacal a cikinsa. Illar da ke faruwa sau ɗaya cikin dubu ba za ta nuna kanta a cikin mutum 29 ba. Ba ina cewa kada a gwada ba. Ina cewa wanda ya shiga irin wannan gwaji bai kamata a kwantar masa da hankali da alƙaluman tsohuwar hanya ba, domin ba a kanta yake ba.

Har zuwa nan ana maganar jiki ne, kuma a ganina masu goyon baya sun fi rinjaye. Inda muhawarar ta fi damuna wani wuri ne daban.

A 2006, a Zurich ta ƙasar Suwizalan, Daria Knoch da Ernst Fehr da abokansu suka shirya wani wasan rabon kuɗi. Ana ba mutum ɗaya faran 20 na ƙasar ya raba da wani. In na biyun ya karɓi abin da aka miƙa masa, kowa ya tafi da nasa. In ya ƙi, duka biyun su tashi a tutar babu. A al'ada, in aka miƙa wa mutum faran 4 aka riƙe 16, da yawa sukan ƙi, sun gwammace su yi asara da su haɗiye raini. Da aka rage aikin wani sashe na gaban ƙwaƙwalwa ta dama da maganaɗisu, sai mutane suka riƙa karɓa fiye da da. Aka tambaye su ko rabon adalci ne, suka ce a'a, zalunci ne. Sun san an cuce su, amma abin da ke sa mutum ya ce bai yarda ba ya yi sanyi.

A 2010 Liane Young da Rebecca Saxe, a jami'ar MIT, suka taɓa wani wuri a bayan kunnen dama, daga sama kaɗan. Suka ba mutane labarai su yanke hukunci. Ga irinsu: wata ta zuba wa ƙawarta wani farin gari a kofi tana zaton guba ce, ashe sukari ne, ƙawar ta sha ba abin da ya same ta. Duk mai hankali zai ce ta yi mugun abu, domin kisa ta nufa. Waɗanda aka taɓa musu wurin nan sai suka ɗan sassauta mata, suka fi duba cewa ai ba wanda ya mutu. Mu da muka tashi muna jin malamai suna bambanta kisan ganganci da na kuskure, muka san matsayin niyya a ibada da shari'a, ba sai an yi mana dogon bayani ba kan girman abin da aka taɓa. Wani gwajin ma, wanda Colin Holbrook na Jami'ar Kalifoniya ya jagoranta tare da masana daga York ta Ingila, ya ba da rahoton cewa bayan an taɓa wani sashe na gaban kai, aka kuma tuna wa mutane mutuwa, ƙarfin imanin da suka bayyana game da Allah da mala'iku da aljanna ya ragu a kan na waɗanda ba a yi wa na gaske ba.

Amsar masu binciken tana da ma'ana, kuma dole a saurare ta. Sun ce tasirin ƙarami ne, yana gushewa kafin awa guda. Mutanen da aka gwada kaɗan ne, 20 a gwajin MIT, ƙasa da 40 a na imani, kuma ƙananan gwaje-gwaje irin waɗannan sau da yawa in an maimaita su ba a samun abin da aka samu da fari. Yunwa, gajiya, fushi da rashin barci duk suna karkata hukuncin mutum fiye da haka, ba kuma wanda ya kafa musu kwamitin sa ido. Na'urar tana da girma, tana da ƙara, sai mutum ya zauna shiru ba motsi, saboda haka ba wanda za a yi wa ita a ɓoye. Mai tunanin za a juya zukatan jama'a da ita daga nesa ya huta. Kuma sanin inda hukunci da tausayi suke a ƙwaƙwalwa yana taimakawa wajen fahimtar masu ciwon mantuwar da ke sauya hali, waɗanda danginsu kan ɗauka lalacewa suka yi.

Na yarda da duk wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce ya rufe maganar. Irin waɗannan gwaje-gwaje ba sa yiwuwa in an gaya wa mutum dalla-dalla abin da ake nema, domin in ya sani zai gyara amsarsa. Don haka abin da ake jaddada masa shi ne ciwon kai da jijjiga, sauran a dunƙule shi da cewa ana nazarin yadda mutane ke yanke shawara. Ya sa hannu a kan haɗarin jikinsa. Shin ya sa hannu a kan a rage masa ƙin zalunci, ko a taɓa yaƙininsa, ko da na rabin awa ne? Akwai wanda zai ce ba komai, a yi. Akwai kuma wanda da ya sani, ko nawa za a ba shi ba zai zauna ba, kuma ƙin nasa ba jahilci ba ne. Haƙƙinsa ne, kuma takardar ta tsallake shi. Kwatanta wannan da yunwa ko gajiya bai yi ba, domin yunwa ba wani ne ya auna ta ya ɗora maka a daidai wurin da yake so ba.

Maganar gushewa ma tana da rami. Na'urar nan ita ce dai ake sayar wa marasa lafiya da alkawarin cewa in an maimaita, sauyin zai zauna. Ba zai yiwu a ce wa mara lafiya tana barin tasiri mai ɗorewa, a juya a ce wa lafiyayye ba ta barin komai, sai an nuna a ina iyakar take. Zama ɗaya da zama 30 ba ɗaya ba ne, gaskiya ne, amma akwai masu sa kai da ke yawo daga wannan gwaji zuwa wancan, kuma ba kasafai ake bin sawun lafiyayye bayan ya bar ɗakin ba.

Labarin John Elder Robison ya kamata duk mai wannan muhawara ya sani. Ba'amurke ne mai larurar otizim, wadda ke sa mutum ya sha wuyar karanta abin da ke fuskokin mutane. A 2008 ya shiga gwajin TMS a wani asibitin koyarwa na Boston, ƙarƙashin Pascual-Leone. A littafinsa na 2016, Switched On, ya ba da labarin yadda bayan gwajin ya fara jin motsin zukatan mutane da ƙarfin da bai taɓa sani ba, har kiɗa ya sa shi hawaye. Ya zaci alheri zai gani, sai ya tarar da damuwa da tsoro da hassada a fuskoki, ya gane wasu da yake ɗauka abokai dariya suke yi masa. Matarsa tana fama da ciwon damuwa, wanda a da ba ya taɓa shi, yanzu ya danne shi, auren ya mutu. Labarin mutum ɗaya ne, shi ya faɗa da bakinsa, ba wanda zai rantse cewa maganaɗisu ne ya yi duka. Shi kansa bai ce ya yi nadama ba. Amma ba wata takardar amincewa da ta ambaci irin wannan, kuma ba wani lissafin jijjiga da zai kama shi.

Ga marasa lafiya matsalar ta juya. Lafiyayye ba ya cin moriyar komai sai ɗan kuɗi, shi ya sa ake tsaurara ƙa'ida a kansa. Mara lafiya yana iya amfana, amma shi ne ya fi rauni wajen cewa a'a. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Kuma hujjar amfanin ba ko'ina take da ƙarfi ba. Babban gwajin 2007, mai mutum 301, wanda aka dogara da shi wajen amincewar farko, ya gaza da kaɗan a kan babban ma'aunin da aka sa masa tun farko. A 2018 aka gwada tsofaffin sojojin Amurka 164: kimanin kashi 41 cikin 100 na waɗanda aka yi wa na gaske suka warware, kashi 37 na waɗanda aka yi wa na bogi su ma suka warware. Zuwa asibiti kullum da samun masu kula da kai ya yi kusan duk aikin. A kan matasa, gwajin da aka buga a 2021 mai mutum 103 bai sami bambanci tsakanin na gaske da na bogi ba, amma a 2024 FDA ta buɗe ƙofa ga 'yan shekara 15 zuwa 21, bisa bayanan da aka tattara daga asibitocin da ke amfani da na'urar. Wani zai ce wannan dalili ne na a dakata. Ni a wurina dalili ne na a ƙara bincike mai tsafta, domin gwaji da na'urar bogi ne kawai ya tona waɗannan abubuwa. Inda na fi jin tsoro shi ne shagunan lafiya masu karɓar kuɗi su ɗora na'urar a kan yara da tsofaffi don cututtukan da ba a tabbatar tana warkarwa ba. Wannan ma gwaji ne a kan mutane, sai dai babu kwamiti, babu rubutu, kuma zakaran gwajin dafin ne ke biya.

Mutanen Kano ba baƙin wannan magana ba ne. A 1996, shekarar da masana ke zaune a Bethesda suna tsara iyakar bugu, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano lokacin annobar sanƙarau, a gwajin da ya haɗa yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, wasu a rukunin sabon maganin, wasu a rukunin wanda aka kwatanta da shi. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, ya kuma ce an nemi izini. Iyaye da yawa suka ce ba su san gwaji ake yi ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Rashin yardar da abin ya bari ya taimaka wajen ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003. Daga baya Najeriya ta fitar da ƙa'idar ɗa'ar binciken lafiya ta ƙasa a 2007. Trovan da maganaɗisu ba haɗarinsu ɗaya ba, ko kusa. Abin da ya haɗa su shi ne tazarar da ke tsakanin abin da mai bincike ya ce ya faɗa da abin da mutum ya fahimta.

Saboda haka ni ina tare da masu cewa a ci gaba, bisa sharuɗɗan da ba su fi ƙarfin kowa ba. In gwaji zai taɓa hukunci, tausayi ko imani, a faɗa wa mutum wannan a fili tun kafin ya zauna, ko da ba za a gaya masa ta wace fuska ake sa ran sauyin ba. Wanda ya ƙi ya tafi, ilmin ba zai rushe don haka ba. Bayan an gama a zaunar da shi a warware masa komai, a ba shi damar janye amsoshinsa. A biya shi kuɗin zuwansa ko da amsar da ya bayar ta hana a yi masa gwajin, don kada gaskiya ta zame masa asara. A neme shi bayan mako, a sake nemansa bayan wata, a tambaye shi barcinsa da zamansa da iyalinsa, ba ciwon kai kaɗai ba.

In kuwa a tsakaninmu za a yi, bayanin ya zama da Hausa, da baki, a gaban wani nasa da ya yarda da shi. A kuma yi tanadin ranar da wani zai faɗi. Jijjigar da na'ura ta jawo sau ɗaya ba ta mai da mutum mai farfaɗiya, likitoci sun san haka. Amma a unguwa, saurayin da aka ji ya faɗi yana iya rasa aikin tuƙi, budurwa kuma a fasa aurenta. Wanda ya ɗora na'urar shi ya kamata ya ɗauki nauyin jinya, ya rubuta takardar shaida cewa gwaji ne ya jawo, ya kuma je da ƙafarsa ya yi wa dangi bayani in an buƙata.